Farashin Gwiwar Mazan Jiya

Shin raunin da mutum ya samo a fagen daga yana rage daraja idan tuta ta canza? Ƙasar Kurfai ta san wannan tambaya, domin daga Filinge da ƙauyukanta samari da dama suka shiga sojan Faransa. A watan Disamba na 1959 Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai. Gwiwar da harsashi ya fasa ɗaya ce ko'ina, amma ta Bakurfaye ta tsaya a tsohon farashi, ta Bafaranshe kuwa tana hawa. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. A 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya, alhali ƙasa ta riga ta rufe idonsa. Kuɗin naƙasa ba a daidaita su ba sai 2007.

Gwiwa ma ta yi sa'a, tunda likita na iya lanƙwasa ta ya rubuta kashi kaza cikin ɗari. To, wanda ya dawo ba ya barci fa, yana zabura da an buga ƙofa? Sai a 1992 Faransa ta tsara ƙa'idar auna taɓuwar ƙwaƙwalwa ta dalilin yaƙi. A gida kuwa cewa ake yi iska ce, a nufi malam ko ƴan bori. A ganina nan zaluncin ya fi zurfi: ana neman tsoho ya kawo hujjar ciwon da shi kansa bai san sunansa ba, cikin harshen da ba nasa ba, da takardun da gara ta daɗe da cinyewa.