Rabon Jinjiri Cikin Rumbun Jama'a

Karatu: Farawa 41:33-36, Kubawar Shari'a 14:28-29, 2 Tassalunikawa 3:6-12.

A shekara ta 1972 Majalisar Amurka ta kafa doka, a ɗebi kuɗi daga baitulmali a sayi abinci, irin su madara da ƙwai, domin matalautan mata masu ciki, da masu jego, da 'ya'yansu ƙanana. An soma rabon a 1974, ana ce da shirin WIC. A 1975 kuwa aka tabbatar da shi, yaro ya samu har ya cika shekara 5. Mu ma mun san ƙullin gyaɗa da madara wanda a kan ba yaro mai tamowa a asibiti, irin wanda ya ceci yara dubbai a Maradi cikin yunwar 2005.

To, ya ku 'yan'uwa, daidai ne a ciyar da ɗan wani da harajin jama'a? Wani zai ce a'a, yana kuwa da hujja. Manzo Bulus ya umurci Tassalunikawa kada su ciyar da wanda ya ƙi aiki, ya kuma koya wa Timothawus cewa ciyar da iyali nawayar maigida ce. Mai wannan ra'ayi yana tsoron kada uba ya saki fartanya ya zuba wa hukuma ido.

Amma mu duba da kyau. Bulus yana zancen wanda ya ƙi aiki alhali yana da ƙarfi. Jinjiri bai ƙi kome ba. Macen da ke ɗauke da ciki ko goyo kuwa tana cikin aiki dare da rana. Ga kuma sha'anin lokaci. Likitoci sun gane cewa kwana 1,000 na fari, watau daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, a cikinsu ne jiki da ƙwaƙwalwa su ke ginuwa da sauri. Babba in ya rame da bazara, ya kan murmure da kaka. Yaron da ya tsumbure cikin waɗannan kwanaki da wuya ya cim ma abin da ya rasa. Saboda haka ba shi yiwuwa mu ce ya jira tukuna sai mun bincika ko ubansa rago ne.

Don me fa sadakar maƙwabta ba ta isa ba? Gama sadaka ta kan bi fuska, ta kan kuma ƙare sa'anda yunwa ta game gari. Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara humusin amfanin ƙasa cikin shekarun ƙoshi, da haka Masar ta rayu. Duk da haka Farawa 47 ta nuna mana haɗari: sayar da hatsin aka yi, har mutane suka ba da dabbobinsu, da gonakinsu, da kawunansu. Rumbun sarki yana iya ceton jama'a, yana kuma iya ɗaure su. Shari'ar Musa ta fi wannan. Kowace shekara ta uku a kan tara ushirin amfanin gona cikin gari domin Balawi, da baƙo, da maraya, da gwauruwa, su ci ba da biya ba. Ubangiji ya mai da shi hakkinsu. Mai jegon da ta karɓi hakki irin wannan ba ta da abin kunya, hukumar da ta bayar kuwa ba ta sayi kowa ba.

Sauran magana ɗaya mai wuya. Uwa ta komo daga asibiti da ƙullin yaro mara lafiya, ta tarar da 'yan'uwansa uku ba su ci ba tun jiya. In ta raba musu, majinyacin ba zai warke ba, gama ƙullin magani ne, an auna shi bisa ga nauyinsa. In ta hana, da wace zuciya? Ma'aikacin da ya karkatar da kayan zuwa kasuwa ɓarawo ne, Allah zai tambaye shi. Amma wannan uwa, kafin mu tsauta mata, sai mu tambayi kanmu ina mu ke sa'anda tukunyarta ta kwana a kife. Da aka manta da waɗansu gwauraye cikin rabon yau da kullum, manzanni suka sa a zaɓi mutum bakwai amintattu su lura da shi (Ayyukan Manzanni 6). Hukuma ta ba majinyaci nasa. Tukunyar sauran yaran kuwa, ekklesiya ce ta fi kusa da ita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin wanda ya ƙi aiki da wanda ya kasa?
2. Masu ciki da masu jego nawa ne cikin ekklesiyarku, wane ne kuma ya san abin da su ke ci?
3. In kowane gida ya kawo mudu ɗaya da kaka, a hannun wa za ku sa shi?