Amsar da Muka Bayar, Ina Ta Tafi?

A ƙarshen kakar bara na je Gangara gaida kawuna, na iske shi gindin gawo yana aunar wake da tiya. Bayan mun gaisa sai ya ba ni labarin waɗansu samari da suka zo garin da mota, kowane riƙe da ɗan allon zamani, suka zaunar da magidanta tun hantsi har azahar suna tambaya: salula nawa ke cikin gidan, wa ake kira, kuɗin kati nawa ake kashewa a mako, daga ina ake jin farashin kasuwa. Aka ba su amsa, aka ba su fura, suka yi godiya suka tafi. Kawu ya ajiye tiyar ya dube ni ya ce, «Malam, kai da ka yi lakkol, gaya mini. Wannan shi ne karo na uku da ake yi mana tambayoyin nan. Amsar da muka bayar, ina ta tafi?»

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta bi ni har cikin aji. Ita ce nake so in ajiye gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: shin wanda ya ɗebi ilimi daga bakin jama'a, akwai bashin da ya hau kansa? In kuwa akwai, da me ake biyansa, kuma wa zai je karɓa?

Amsar kawu ba ta ɓata ba, wannan kam na tabbatar. Ƙasarmu tana cikin wuraren da aka fara yin bincike mai zurfi kan abin da salula ke yi wa talaka. Salula ta shigo Nijar a 2001, kamfanin Celtel na cikin na farko, wanda ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Da yake ba rana ɗaya aka kakkafa dogayen ƙarafan eriya ba, wata kasuwa ta samu rezo bana, wata sai baɗi, sai wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta ga hanyar gwaji. Ta ɗauki farashin hatsi da hukumar SIMA ke tattarawa kasuwa kasuwa, ta kwatanta kasuwannin da rezo ya isa da waɗanda bai isa ba, tsakanin 2001 da 2006. A 2010 ta buga sakamakon: inda salula ta shiga, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A da, ɗan kasuwar Gazawa da ke son sanin kuɗin gero a Maraɗi ko Jibiya sai ya shiga mota, ko ya jira mai dawowa da labarin da ya riga ya kwana. Da kira ɗaya ya wadatar, sai hatsi ya riƙa tashi daga inda ya yi araha zuwa inda ya yi tsada. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jahar Maraɗi ya san abin da tsadar tiya ɗaya ke nufi, ba zai raina wannan ba.

Sai dai akwai bincike na biyu, kuma shi ne ya hana ni barci. Aker da Marcel Fafchamps sun koma suka duba kuɗin da manomi da kansa ke karɓa, aka buga aikin a 2015. Suka iske tazarar farashin wake a hannun manoma ta ragu da kimanin kashi 6 cikin 100, ta gero da dawa ba ta motsa ba, kuma matsakaicin kuɗin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Wato labari ya yi gudu, amma manomi yana nan inda yake. A ganina dalili a fili yake ga duk ɗan ƙauye: sanin farashin Dawanau ta Kano ba ya biyan bashin da aka ci da damina, ba ya sayen amalanke, ba ya gyara hanyar da ruwa ya cinye. Mai bashi ranar girbi zai sayar, ko da salula goma ke aljihunsa.

To, wannan magana ta kawu ce, a kansa aka yi ta, da amsoshin irinsa aka gina ta. Amma tana kwance cikin mujallun da ake bugawa da Ingilishi a wata nahiya. Ni kaina, malamin Faransanci, sai da na jingina da ƙamus da abokin aikina mai koyar da Ingilishi kafin na gane ta.

Wani zai ce, ai mai bincike ya sauke nauyinsa in ya faɗi gaskiya bai yi ƙari ba. Ilimi na duniya ne, hukumomi za su karanta su gyara manufofinsu, amfanin ya gangaro har Gangara. Ban ƙi wannan ba, kuma ba na zargin kowa da sata. An nemi izini, an yi tambaya da ladabi. Amma a wurinmu abin da mutum ya faɗa maka game da rumbunsa da bashinsa amana ce, kuma Bahaushe ba ya buɗe wa baƙo cikin rumbu sai don yana kyautata zaton za a sake haɗuwa. Wanda ya ari iri ya shuka, ko bai mayar da dami ba, ya kan zo ya ce ga yadda gonar ta yi. Wannan dawowar ita ce ke raba aro da kwasa. Kuma akwai riba ga mai binciken kansa: da an tara magidanta an karanta musu sakamakon, da sun faɗi abin da alƙaluma ba su faɗa ba, misali dalilin da ya sa wake ya bambanta da gero. Wake ƙwari ke hudawa, ba ya jure ajiya, kuma kasuwarsa ƙetaren iyaka take.

Mun ma ga yadda bincike ke dawowa gida idan an so. Buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake, da ake kira PICS, aikin jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masana irin su Ibrahim Baoua na INRAN a Maraɗi. Ƙauye ƙauye aka bi ana ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi gaban su, kowa ya sa hannu ya taɓa waken. Babu wanda ya tambayi inda amsarsa ta tafi.

Ita ma Aker ta yi wani aikin da ya taɓa hannun mutane kai tsaye. A 2009 da 2010, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, an shigar da salula cikin ajin yaƙi da jahilci a kimanin rabin ƙauyuka fiye da 100 da aka yi gwajin a cikinsu, a jahohin Doso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci. Manyan da aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi takwarorinsu cin jarrabawar rubutu da lissafi. Malami ba zai yi mamaki ba, abin da hannu ke taɓawa kullum ba ya gudu daga kai.

A nan ne kuma tambayar kawu ta juyo kanmu. Saƙon salula guda yana ɗaukar harafi 160 in an tsaya cikin baƙaƙen da tsarin GSM ya tanada tun da aka tsara shi a Turai. Akwai é da è na Faransanci a ciki, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Ƙugiya ɗaya tak ta shiga, sai wayar ta juya zuwa wani tsarin da kowane harafi ke cin gurbi fiye da ninki biyu, saƙon ya koma harafi 70. Ɗalibina da ya rubuta Hausa daidai da ƙa'idar da gwamnati ta tsayar a 1999 zai iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai kuskure ya biya na ɗaya. Haka baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ni kuma in zo da jan alƙalami ina gyara abin da na'ura ta koyar da dare. Turkiyya da Indiya sun sa an ƙara wa tsarin teburan baƙaƙen harsunansu. Na Hausa babu. Ba na jin akwai wanda ya ƙi mu da gangan a waccan majalisa. Kujerarmu ce ba kowa a kanta. Yanzu da saƙon murya na WhatsApp ya yawaita, matsalar ta yi sauƙi ga aljihu, ta yi nauyi ga malami, don wanda zai iya danna waya ya yi magana bai ga dalilin koyon rubutu ba.

Saboda haka bashin nan mutum biyu ke ɗauke da shi, kuma ina jin kason ɗan gida ya fi nauyi, tunda shi ke jin harsunan biyu. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne, kuma tun 1964 ya rubuta littafi yana kare koyarwa cikin harsunanmu. Bai ga saɓani tsakanin ɗakin gwaji da harshen uwa ba. Muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, muna da gidajen rediyon karkara, kuma tun 2025 kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Taƙaita bincike ɗaya cikin shafi biyu na Hausa aikin mako guda ne ga malamin kwaleji. Ni shekara nawa ina koyar da fassara, ban taɓa ba ɗalibaina irin wannan aikin ba sai bana.

Da hutun tsakiyar shekara na koma Gangara da shafi biyun da ƴan ajina suka fassara. Na karanta wa kawu da abokan hirarsa bayan la'asar. Da na zo inda aka ce kuɗin manomi bai ƙaru ba, sai ya ɗaga hannu ya ce, «Tsaya, Malam. Wannan matar ta faɗi gaskiya. Amma ka rubuta mata cewa ta manta da mai ba da bashi, don shi ma yana da salula, kuma ya riga mu saye.» Na ce, «To, Kawu.» Ya sa aka kawo mini biro.