Muridi a Gaban Mai Ɗaukar Aiki

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW).

Ya 'yan'uwa, da yawanmu muna karatu a jami'ar Dosso ko ta Abdou Moumouni a Yamai. In hutu ya zo sai mu dawo Gaya neman aiki wurin masu fiton kaya. A shanya ka tun hantsi har azahar, in ka shiga a wurga takardunka kan tebur, a ce: "Ɗan gidan wa ne kai?" Wani ma carbinka zai yi wa dariya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa wani baƙauye ya fizgi mayafin Annabi (SAW) har ya yi masa shaida a wuya, yana neman dukiya. Ya juyo ya yi dariya, ya sa aka ba shi. Amma mu lura, can mai bayarwa ne ya haƙura. Mu masu nema ne, kuma sau da yawa kwaɗayin albashi kan sa rigar haƙuri. Tambayi zuciyarka: shirun nan don Allah ne, ko don tsoron rasa kujerar?

Amsa tambayar aiki da natsuwa, ta raini ka bar ta ta wuce. In ya kai ga zagin iyaye ko addini, ce masa: "Ranka ya daɗe, aiki na zo nema." Tattara takardunka ka yi sallama, arzikinka ba a aljihunsa yake ba. In ka iso zawiyya don wazifa, kada ka kama sunansa a gaban ikhwan.