Fasto Masunci da 'Ya'yansa Biyu

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata tsohuwa ta tsayar da ni a bakin ɗakin addu'a. Ta ce, "Malam, tambaya gare ni. 'Ya'yana maza biyu nono ɗaya suka sha, tabarma ɗaya suka kwana, ayoyi ɗaya na koya musu. Babban yana nan, shi ke koya wa yara ran Lahadi. Ƙaramin ya tafi haƙar zinariya arewa, shekara huɗu ke nan, labarin da ke iso mu sai na giya da caca. A ina na yi kuskure?"

Na ce, "Inna, ki ba ni lokaci." Gaskiya ba ni da amsa a ran nan. Na kuwa san ba ita kaɗai ke kwana da wannan tambaya ba. Wataƙila kai ma, ɗan'uwa mai karatu, tana gidanka. Shin ana koya wa mutum bangaskiya kamar yadda ake koya masa noma ko saƙa? In ana koya ta, me ya sa wanda aka koya wa yakan bar ta? In kuwa ba a koya ta, wahalar me muke yi da yara kowace yamma?

Da ina ta juya maganar sai na tuna da wani labari daga ƙasa mai nisa. Wani dattijo daga Amurka ne ya ba ni shi, wanda ya taɓa zuwa aikin asibitin mishan na 'yan watanni. Labarin masunta ne, amma irin sun da ba mu da shi a nan, don haka sai na fara bayyana shi.

Mu mun san fatsa. Yaro ya sami sanda, ya ɗaura zare da ƙugiya, ya soka tana, ya sa 'yar darma don ta nutse, ya jefa a tabki ya zauna jira. Wanda ya je Madarumfa ko bakin kogi a Yamai ya ga masunta da taru da koma. Amma a ƙasashen sanyi masu duwatsu, kamar Skotlan da yammacin Amurka, akwai rafuka masu ruwa garai, masu gudu, inda wani kifi da suke kira tirawut yake zama. Abincinsa ƙananan ƙwari ne waɗanda ke ƙyanƙyashewa a ƙasan ruwa, su taso sama su tashi kamar shinge bayan ruwan farko. To, masuncin can ba ya sa tana. Sai ya ɗauki ƙugiya ƙarama, ya naɗe ta da zare da gashin zakara har ta yi kama da ƙwaron, ya ɗora ta a kan ruwa. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara 200 bayan haihuwar Almasihu wani marubucin Roma mai suna Eliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya, ƙasar nan da Manzo Bulus ya kai bishara, suna kama kifi da jan ulu da gashin zakara biyu a kan ƙugiya.

Ga inda wuyar take. Ƙwaron ƙaryan nan ba shi da nauyi ko kaɗan. Ka gwada jifa da gashin kaza ka ga inda zai kai. Saboda haka igiyar ce ake yi mai nauyi, ita ce ke ɗaukar ƙwaron ta kai shi. A dā da gashin wutsiyar doki ake tufka ta, daga baya siliki, yanzu kuwa roba. Sandar doguwa ce, kusan mita 3, mai lanƙwasa. Masunci yakan fizgo igiyar ta wuce ta kan kafaɗarsa zuwa baya, ya tsai da sandar cik, ya jira igiyar ta miƙe sarai a bayansa, sa'an nan ya turo ta gaba ta sauka a ruwa a hankali.

Baƙon nan bai zo da sandarsa ba. Karan dawa ya ɗauka ya ɗaura masa igiyar shanya, ya ba ni a tsakar gida. Na fizga da ƙarfi irin na mai sassabe, igiya ta naɗe mini wuya, yara suka yi ta dariya. Ya ce in sake. Na sake, ta yi ƙara kamar bulala. Ya ce, "Ka ji ƙarar nan? Da a rafi muke, ƙwaronka ya tsinke ya tafi. Ba ka jira ba." Sai ya zo bayana ya kama wuyan hannuna, muka yi tare. Baya, tsaya, gaba. A wurin tsayawar nan na ji igiyar ta ɗan ja hannuna kaɗan. Ya ce, "Wannan ne. Idonka yana kan ruwa, igiyarka tana baya inda ba ka gani. In ka yi gaggawa ta tsinke, in ka yi nawa ta faɗi ƙasa ta kama ciyawa. Ba wanda zai iya faɗa maka tsawon jiran da baki. Sai hannunka ya sani."

Na daɗe ina tunanin ɗan jiran nan. Sura 11 ta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta nuna mana bangaskiya da abin da ido bai gani ba take aiki. Sarki Saul ya jira Sama'ila kwana bakwai a Gilgal, ya ga mutane suna watsewa, ya kasa ƙara sa'a ɗaya, ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila. Sarautarsa a nan ta fara tsinkewa. Mu ma haka muke yi sa'ad da ruwa ya yi jinkiri bayan shuka, ko ciwon yaro ya ƙi jin magani. Mun yi addu'a, ba mu ga kome ba, sai a ji an lallaɓa wurin boka da dare.

Wannan jiran ni ban koye shi a aji ba. A makarantar mishan mun haddace ayoyi da yawa, har an taɓa ba ni fensir da sabulu don na fi kowa. Na gode wa Allah da wannan, gama ayoyin suna nan cikina har yau. Amma dogara ga Allah a wurin wani tsohon mai bishara na gan ta, a shekarar yunwa ta 1984, ina saurayi. Na ga rumbunsa, na san abin da ya rage a ciki. Na ga ya auna wa maƙwabcinsa tiya biyu, sa'an nan ya tara iyalinsa suka yi godiya. Bai yi mini wa'azi ba, amma a ran nan ya kama wuyan hannuna. Ubangiji Yesu ma haka ya yi da Bitrus da Andarawas da 'ya'yan Zabadi a bakin Tekun Galili. Ya kira su su bi shi, suka ci tare, suka yi tafiya tare wajen shekara uku, suna kallon yadda yake addu'a da yadda yake taɓa kuturu. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ashe akwai abin da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Uban da ya ce shi ba ruwansa, fasto ya koya wa yaran, bai san aikinsa ba.

Wani zai ce, "Malam, ai ƙwaron nan yaudara ne. Yaya za ka kwatanta aikin Allah da shi?" Yana da gaskiya. Kowane misali yana da inda yake ɗingishi. Ƙugiya a ɓoye cikin abin sha'awa aikin Shaiɗan ne, kuma ba a kawo mutum wurin Almasihu da koton hatsi ko na magani. Almajiran da taru suka yi aiki. A cikin Bishara huɗu sau ɗaya kaɗai aka ce a jefa ƙugiya, a ƙarshen sura 17 ta Matiyu, don a sami kuɗin haraji. Ni ba ƙwaron nake so ka duba ba. Ka dubi mai koyarwa da mai koyo.

Yanzu ga labarin. A shekara ta 1909 wani fasto na ikkilisiyar Firesbiteriyan, mai suna Jon Maklin, ya koma garin Misula a jihar Mantana ta Amurka. Yana da 'ya'ya maza biyu, Norman wanda aka haifa a 1902, da Pol wanda aka haifa a 1906. Faston nan masunci ne gwani. Yana koya wa yaransa tambayoyi da amsoshin bangaskiya, yana kuma koya musu jefa igiya, da horo iri ɗaya. Har wani ɗan abu mai kaɗawa kamar agogo, wanda masu kiɗa ke auna lokaci da shi, ya sa musu don hannunsu ya bi ƙidaya, kada ya yi gaggawa. Kogin da suka fi zuwa shi ne Bilakfut.

Norman ya zama malami a Jami'ar Shikago, ya yi aure, ya tsufa. Pol ya zama ɗan jarida. A wajen su kuwa ya wuce wansa, ya wuce ubansa, har mutane kan tsaya su kalle shi. Duk abin da uban ya koya wa hannunsa ya zauna daram. Amma giya ta kama shi, da caca, da faɗa. A watan Mayu na 1938 aka tsince shi a wani lungu a Shikago an yi masa dūka, ya mutu yana da shekara 32, ba a kuwa gano wanda ya kashe shi ba. Norman ya riƙe abin a ciki kusan shekara 40. Sai bayan ya bar aiki ya rubuta shi, littafin ya fito a 1976, yana da shekara 73. Rabinsa tarihi ne, rabinsa ya gyara kamar tatsuniya, amma ciwon da ke ciki na gaske ne. Ya nuna shi da ubansa suna ta tambayar juna ko da akwai abin da za su iya yi su taimake shi, ba wanda ya iya ba ɗan'uwansa amsa.

Ka gani, tambayar tsohuwar nan ce, a bakin fasto mai ilimi, a wata ƙasa. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu ne kuma muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dukansu biyu kakanninmu sun gani da ido.

Ga abin da na fahimta, iyakar ganina. Malami yana iya koya maka riƙon sanda, da jira, da sanin bayan wane dutse kifi yake fakewa. Ba ya iya sa kifi ya taso. Bitrus gwani ne, sana'arsa ke nan, amma ya kwana yana wahala bai kama ko ɗaya ba, sai da Ubangiji ya yi magana. Haka uwa tana iya koya wa ɗa addu'a, da waƙa, da gaskiya, da zuwa sujada, amma sabuwar zuciya ba ta cikin abin da take iya dafawa ta ba shi. Bulus ya gaya wa mutanen Koranti cewa shi ya yi shuka, Afolos ya yi ban ruwa, tsirowa kuwa daga Allah ta zo. Yahuza ya sami Malamin da babu kamarsa, ya zauna da shi kamar sauran, ya ƙare inda ya ƙare. Dimas ya yi aiki tare da Bulus, daga baya ya gudu don ƙaunar duniya. Wa zai ce Yesu bai iya koyarwa ba?

Akwai abin tsoro a nan kuma, ga mu da muka tashi cikin ikkilisiya. Mutum yana iya gwanancewa da abubuwan addini kamar yadda Pol ya gwanance da igiya. Ya iya addu'a mai daɗin ji, ya san inda kowace aya take, ya iya jan waƙa, zuciyarsa kuwa tana wani wuri. Ni da na ci fensir da sabulu, na kai shekara 20 kafin in durƙusa in roƙi gafara don kaina.

Kada kuwa wani uba ya ɗauki wannan magana ya yi matashi da ita. Littafi Mai Tsarki ya ba mu iyaye biyu a littafi ɗaya. 'Ya'yan Eli sun lalace, Allah kuwa ya kama Eli da laifi, gama ya san abin da suke yi bai hana su ba. 'Ya'yan Sama'ila ma sun lalace, suna cin hanci suna karkatar da shari'a, amma ba mu karanta inda Allah ya ɗora wa Sama'ila wannan ba. Daga waje gidajen biyu kama ɗaya ne. Wanda ya san bambancin shi ne Allah, da uban kansa in ya yarda ya bincika zuciyarsa. Shi ya sa ba na son abin da nake ji a wasu ƙauyukanmu, inda in ɗan wani ya ɓata sai a riƙa nuna gidan da baki, har a ce uban bai cancanci ya yi addu'a a gaban jama'a ba, tun ba a tambaye shi kome ba. Mutumin da ke cikin makoki ake ƙara wa kaya.

Game da Pol Maklin, ni ba zan yanke masa hukunci ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji a sa'arsa ta ƙarshe ya juyo, uwarsa kuwa wataƙila ba ta taɓa jin labari ba.

Bayan mako biyu na tafi gidan tsohuwar nan da yamma. Na same ta tana tankaɗe. Na ba ta labarin faston da 'ya'yansa tun daga farko, har na ɗauki kara na nuna mata yadda igiya ke tafiya baya. Na tambaye ta ko akwai abin da ta san ta gani ta yi shiru a kai, irin na Eli. Ta yi tunani, ta faɗi abu ɗaya, wanda ba na kowa ba ne sai ita da Allah. Muka roƙi gafara a kansa. Sa'an nan ta ce, "Malam, wancan faston ɗansa ya mutu. Nawa yana da rai." Ta kira jikanta ya kawo takardar da aka rubuta lambar wayar wani direba mai zuwa arewa. Ta ce in rubuta wa yaron saƙo, kada in sa faɗa a ciki, in ce masa ɗakinsa yana nan, an sake masa jinka bana.