YAWON LAMBU: IBADA NE KO GAFALA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, wasunku sun tambaye ni hukuncin fita yawon shan iska zuwa lambuna, kamar yadda ake yi da rani a bakin madatsar ruwa ta Jibiya. Amsa a taƙaice ita ce: halal ne. Amma fa halal ɗin nan, wani ya kan dawo daga gare shi da lada, wani kuwa da zunubi. To ina bambancin?

ABIN DA NA GANI

Wata rana cikin ɗari muka tashi daga Katsina da wasu ɗalibai, muka bi hanyar Jibiya. Hagu da dama ƙasa ta bushe ƙayau, sai ƙaiƙayi da ƙura. Muna gangarawa wajen lambuna sai ga kore shar! Ga albasa, ga tumatir da ɗan furensa rawaya, ga mangwaro ya yi fure, ƙudan zuma na ta kai da kawo. Ruwa ɗaya suke sha, ƙasa ɗaya, amma wannan zaƙi, wancan yaji. Wa ya rarrabe su? Suratur Ra'ad ta ja hankalinmu ga wannan, ta nuna aya ce ga masu hankali.

Ruwan nan na kogin Gada ne, wanda aka datse a ƙarshen shekarun 1980. Shi ne yake ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi. Kai idan za ka wuce Magama zuwa Ɗan Isa sai an tsai da kai an tambayi takardarka. Ruwan Allah kuwa wa ya taɓa tambayarsa fasfo?

A Ingila, tun 1913 ake baje kolin furanni a unguwar Chelsea ta birnin Landan cikin watan Mayu, ana biyan kuɗi a shiga, ana ba gwanaye lambar yabo. Ba mu ce gyaran shuka laifi ba ne. Amma Musulmi idan ya yaba mai ban ruwa, ba ya tsayawa nan, sai ya wuce zuwa ga Wanda Ya tsaga ƙwayar.

Sai dai abin baƙin ciki, a ranar nan mun tarar da wasu samari ƙarƙashin mangwaro, kiɗa na tashi, ana ta ɗaukar hoto. La'asar ta yi, ta wuce, rana ta yi ja, ba wanda ya motsa. Ga ruwa har bakin ƙafarsu, amma ba mai alwala! Da za su tafi kuma suka cika aljihu da tumatirin wani dattijo, wanda tun asuba yake duƙe yana jan ruwa. Ya bi su da ido kawai. Jama'a, wannan shan iska ne ko ɗaukar alhaki?

LAMBUNA BIYU A CIKIN ALƘUR'ANI

Ku buɗe Suratul Kahfi, wadda kuke karantawa ran Juma'a, daga aya ta 32 zuwa ta 44. Mutum ne aka ba gonaki biyu na inabi, dabino ya kewaye su, ƙorama na gudu a tsakani. Ya shiga yana taƙama, yana zaton abin ba zai ƙare ba har abada. Abokinsa ya tunatar da shi ya mai da al'amari ga Allah, ya ƙi. Ƙarshe sai ga shi yana juya tafin hannu a kan kufai.

Sa'an nan ku duba Suratul Ƙalam, aya ta 17 zuwa ta 33. Waɗannan kuwa shawara suka ƙulla su yi sammakon girbi don kada miskini ya gan su. Suna barci aka shafe gonar. Na farko ya manta da Mai bayarwa, na biyu sun manta da mabuƙaci.

Kada ku ce labarin mutanen da ne. A watan Yuli na 2018 ruwa ya sauko da dare a garin Jibiya, fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje da dabbobi suka salwanta. Allah Ya ji ƙansu. Daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022 iyaka tana rufe, ciniki ya faɗi. Manoma nawa 'yan bindiga suka raba da gonakinsu? Ba mu ce azaba ce aka yi wa kowa ba, jarrabawa ce. Amma ta isa ta koya mana cewa ruwa da kasuwa da zaman lafiya duk aro ne.

ABIN DA ZA KU KIYAYE

1. Ku san lokacin salla kafin ku fita. Ƙasar Allah duk masallaci ce, ku tsai da jam'i ko a kan kunya ne.

2. Kada ku tsinki ko ɗa guda sai da izini. Sauƙin da malamai suka yi, ga wanda yunwa ta matsa ne ya ci a wurin, ba ya yi guzuri ba.

3. Ku runtse idanu, ku nisanci cakuɗa da matan da ba muharramanku ba.

4. Idan abu ya ba ku sha'awa ku ce ma sha Allah, ku yi wa mai shi addu'ar albarka. Wannan shi ne sunna, ba rataya laya ko binne ƙaho a kusurwar gona ba.

5. Wanda ubansa ke da lambu ya tuna masa haƙƙin talaka. Hatsin da ya kai nisabi, idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin 10 ne. Idan da inji ko jigo ne, ɗaya cikin 20. Kayan miya kuwa Malikiyya ba su wajabta zakka a kansu ba, Imamu Abu Hanifa ya wajabta. Sadaka dai ba wanda ya hana.

6. Kowa ya dawo da dashe ɗaya ya shuka. Ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi.

Ɗan'uwana, furen nan da ka ɗauki hotonsa, kafin Juma'a biyu ya kaɗe. Ƙuruciyarka ma fure ce. Abin tambaya shi ne, idan ta kaɗe, wane ɗa za ta bari?

Allah Ya sa mu dace, Ya haɗa mu a lambunan Aljanna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.