Bindigar Talaka da ta Mai Kuɗi

Akwai wata tsohuwar gardama a tsakanin maharba wadda har yau ba a raba ta ba, wato ko bindiga mai araha tana iya yin aikin da mai tsada take yi. Waɗansu sukan ce araha ba ta ado, wanda ya ƙi biya da kuɗinsa wata rana zai biya da yatsunsa. Waɗansu kuwa sukan ce nama bai san kuɗin bindiga ba, harsashi kaɗai ya sani. Maganar ta wuce hirar dare, gama a cikinta akwai tambayar da ta shafi kowane mai sana'a: mene ne yake sa a ce kayan aiki yana da kyau, kuɗinsa ne, ko aikin da yake yi, ko kuwa hannun da yake riƙe da shi?

Ƙasar Jazira ta Sudan wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Garin Kamlin yana bakin Shuɗin Kogin Nilu, a kan hanyar da ta tashi daga Khartum zuwa Wad Madani. Daga nan har Sinnar da gaba akwai ƙauyuka da unguwannin Hausawa. Waɗansunsu jikokin mahajjata ne da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙafa. Waɗansu kuma kakanninsu sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan da Turawan Ingila suka kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, har garin da ya kafa kusa da Sinnar yana amsa sunansa. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa suka zauna suna noma da ƙodago da su. Mutanen da kakanninsu suka tsaya a Burmi da baka da mashi da bindigar toka a gaban bindiga mai aman wuta ba su bukatar a faɗa musu cewa gaba da gabanta. Amma fagen yaƙi dabam, dajin farauta dabam. Abin da ake tambaya a nan shi ne bindigar da mutum zai nemi nama da ita, ko ya tsare gonarsa.

Abin da ake nema ga bindiga

Kafin a ce wannan ta fi waccan, sai a san abin da ake so bindiga ta yi. Na fari, kada ta cuci mai riƙe da ita. Na biyu, ta kai harsashi inda aka auna, da ƙarfin da zai kashe dabba nan take, domin kada ta gudu da rauni ta mutu a wahale. Na uku, ta jure ƙura da zafi da shekaru. Bindigar da ta cika waɗannan ta yi aikinta, ko nawa aka saye ta.

A kan ma'auni na fari akwai abin koyi a Ingila. A birnin Birmingham, inda aka daɗe ana ƙera bindigogi ana kai su kasuwannin Afirka, an kafa gidan gwajin bindiga a 1813. A can akan harba kowane bututu da albarushin da ya fi ƙarfin wanda maharbi zai yi aiki da shi. In ya jure, sai a buga masa hatimi, in ya tsage, shi ke nan ba zai shiga kasuwa ba. Bututun talaka da na basarake gwaji ɗaya suke sha. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuwa bai taɓa tambayar kuɗin kaya ba.

A kan ma'auni na biyu zamani ya taimaki talaka. A dā gyaran cikin bututu aikin hannu ne, shi ya sa bindiga mai saiti take da tsada. Yanzu injuna masu aiki da kwamfuta suke yanka ƙarfe, suna maimaita awo ɗaya sau dubu. Kamfanonin Amurka irin su Savage da Ruger suna sayar da bindigogin farauta a kan dala ɗari kaɗan, waɗanda in gwani ya harba su daga nisan mita 100, harsasan sukan taru a wurin da bai kai tafin hannu ba. Wurin da ake nema a ƙirjin barewa kuwa ya fi tafin hannu faɗi. Haka nan bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya da ake kira Baikal, ƙirar birnin Izhevsk na Rasha, ba ta da wani ado, amma ta ciyar da gidaje masu yawa a Afirka. Tsofaffin Sudan kuma sun san Abu Ashara, wato bindigar sojan Ingila Lee-Enfield mai cin harsashi goma, wadda aka ƙera miliyoyinta, ta kuwa yi shekaru tana aiki bayan sojan da suka fara ɗaukarta sun tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, me mai kuɗi yake saya? A London akwai gidajen ƙira irin su Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland, wanda asalinsa ya koma 1835. Bindigarsu mai baki biyu tana iya wuce fam 100,000. Akan auna hannun mai ita da kafaɗarsa kamar yadda tela yake auna riga, a zaɓi katako mai kyaun gani, a yi wa ƙarfen zane da hannu, a kwashe watanni ana aikin. Wannan ba abin raini ba ne. Gwaninta ce, gwani kuwa ya cancanci ladansa, irin wannan bindiga kuma takan kai ga jikoki. Amma misalinta kamar babbar riga ce mai aska takwas. Ta fi rigar da ba a yi wa aiki ba kyau da daraja, duk da haka ba ta fi ta rufe jiki ba.

Araha iri biyu ce

Masu cewa araha ba ta ado suna da tasu gaskiya, gama araha iri biyu ce. Akwai arahar da aka samu ta wurin rage ado, akwai kuma wadda aka samu ta wurin rage aminci. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta yi wa maharban ƙasar Hausa aiki shekaru aru-aru, maƙera na kirki kuma sun ƙera masu ƙarko. Amma sa'ad da aka ɗauki bututun famfo, wanda aka yi domin ruwa, aka mai da shi bakin bindiga ba tare da wani gwaji ba, mai ita ya rungumi haɗari ne yana tsammani ya yi riba. Haɗarin yakan ƙaru in an cika ɗuri, ko an zuba mata albarushin harsashin zamani, wanda ƙarfinsa ya fi abin da irin wannan ƙarfe zai iya ɗauka. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kasuwa sai a kashe ninkinsa a asibiti, yatsa da ido kuwa ba su da kasuwa. Ba banza ba aka yi wa irinta laƙabi da harba-ka-ruga.

Har wa yau, kowace bindiga tana da iyakar nisanta. Bindigar toka da ta tsuntsaye ba su da tabbas in an wuce taki 30 ko 40. Maharbin da ya san haka yakan yi sanɗa, ya lura da iska, ya matsa kusa, in abin ya ƙi kuma ya haƙura. Wanda bai da haƙuri yakan harba daga nesa, ya karya wa dabba ƙafa, ta shige duhuwa ta kwana uku tana mutuwa. Laifin nan na mutum ne, ana kuwa yinsa da bindigar fam 100,000 kamar yadda ake yinsa da ta maƙeri.

Shaidar tarihi

Dazuzzukan gabashin Sudan sun taɓa ganin wannan gardama a fili. A 1861 da 1862 wani Bature mai suna Samuel Baker ya yi yawon farauta a kogunan Atbara da Setit, ya biyo ta Rahad da Dindir har ya fito Shuɗin Nilu. Yana tafe da bindigogi masu tsada, har da wata ƙatuwa ƙirar London wadda nauyin harsashinta rabin laba ne, wadda in ya harba takan jijjiga shi har kansa ya yi ciwo. A can ya tarar da Larabawan Hamran suna farautar giwa da takobi kawai. Ɗaya yakan hau doki ya ja hankalin giwa ta bi shi, ɗan'uwansa kuma ya dira a bayanta ya sare jijiyar ƙafarta. Baker da kansa ya jinjina musu a littafin da ya buga a 1867. Takobinsu bai kai kuɗin gindin bindigarsa ba, amma sun san giwa fiye da yadda ya san ta.

Bayan shekara 40 wani maharbi daga Sikotilan, Walter Bell, ya shiga farautar hauren giwa a Karamoja ta Uganda da yankin Lado a bakin Farin Nilu. Sauran Turawa suna taƙama da manyan bindigogi masu baki biyu, shi kuwa ya fi dogara ga wata mara nauyi mai cin harsashin soja na milimita 7. Ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya duba inda ƙwaƙwalwa take, ya yi ta gwaji har hannunsa ya faɗa. An ƙidaya giwaye 1,011 da ya kashe, mafi yawansu da ƙananan bindigogi.

Wanda yake goyon bayan araha zai ce ga hujja ta samu. Gaskiya ne, sani ya fi kuɗin ƙarfe. Amma mai karatu ya sake duban adadin nan. Giwa dubu da goma sha ɗaya a hannun mutum guda, domin haure. Ashe bindiga tana iya cika dukan ma'aunai uku, maharbi ya zama gwanin gwanaye, duk da haka aikin da suka yi tare ya zama ɓarna.

Ma'aunin da ba a saye

A 1935 aka keɓe dajin Dindir, kusa da iyakar Habasha, domin kiyaye namun jeji, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da su. Duk da haka kafin ƙarni na 20 ya ƙare an daina ganin karkanda da raƙumin dawa a cikinsa. Manyan gonakin tarakta sun cinye filayen da dabbobi suke fita kiwo da damina, maharban ɓoye kuma suka riƙa tare su da rani a bakin tafkunan da suke taruwa shan ruwa. A kewayen Kamlin kuwa gonaki da magudanan ruwa sun daɗe da maye gurbin jeji, abin da ya rage wa maharbi bai wuce zomo da kurciya da tsuntsayen ruwa ba. A zamanin takobi da baka jeji yana cike. Sa'ad da bindiga ta ƙara kyau, ta kuma ƙara araha, sai nama ya ƙare.

Mutanen Jazira sun ga ƙarshen wannan hanya da idonsu. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, mayaƙan RSF suka kama Wad Madani a Disamba na wannan shekara, sai a Janairu 2025 soja suka karɓe shi. A tsakanin nan ƙauyuka sun sha kisa da kwasar ganima da gudun hijira. Bindigar da ta yi wannan aiki mai araha ce, mai ƙarko ce, ba ta ƙin tashi cikin ƙura. Ta kowane ma'aunin maƙeri tana da kyau. Ba wanda ya binne ɗansa da zai kira ta haka.

Saboda haka amsar tambayar farko ba ta da wuya. Bindiga mai araha da aka ƙera da ƙarfen kirki, aka gwada ta, ana kuma harba ta a cikin iyakar nisanta, tana yin aikin mai tsada, abin da ya rage ado ne da suna. Manomin da yake son ya kori gadu daga gonarsa, ko ya kawo wa iyalinsa zabo, bai kamata ya sayar da akuyarsa ko irin shukarsa domin ya sayi suna ba, bai kuma kamata ya ji kunyar tasa a gaban ta maƙwabcinsa ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya guji bututun da ba a gwada ba, ya nemi lasin, ya ajiye ta inda yara ba su kai. Mai kuɗi kuma in yana son gwaninta ya saya, amma ya sani ya sayi aikin maƙeri ne, aikin maharbi yana nan yana jiransa.

Tsofaffin maharban ƙasar Hausa suna da sarkinsu, suna da ƙa'idodin da yaro yake koya tun kafin a ba shi makami. Maharbin kirki ba ya harbin abin da bai gane ba, gama motsin ciyawa yana iya zama mai neman itace. Yakan ƙyale dabba mai ciki da mai goyo, ya bi sawun wadda ya raunata har ya same ta, in ya sami abin da zai ishi gida kuma ya juya. Wannan tarbiyya ita ce mafi tsada a cikin kayan farauta, gama shekaru ake biya kafin a same ta, talaka da mai kuɗi kuwa kuɗi ɗaya ake yanka musu.