Taimako Ma Yana da Mudu

Mun taso da fahimtar cewa alheri ba ya yawa. Idan namu ya kwanta, abin da muke cewa shi ne, "Likita, a yi masa duk abin da za a iya." To amma akwai ɗaki guda a asibiti da ke sa mu sake tunani: inda ake jona waɗanda numfashi ya gagara da na'ura mai hura musu iska.

Mu mutanen bakin tafkin Kainji mun san abin da ke kai mutum can. Ba mu manta jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021 ba. Wanda aka tsamo da rai bayan ya shaƙi ruwa, huhunsa na iya kumbura bayan wasu sa'o'i, kamar na mai nimoniya mai tsanani. Daga Yawuri ko Shanga, sai a nufi Birnin Kebbi ko Sakkwato da shi.

Mai lafiya jawo iska yake yi, na'ura kuwa tura ta take yi. A huhun da ya kumbura, wurare da yawa sun toshe, ɗan ɓangaren da ya rage shi ke karɓar iskar duka. Idan ta fi ƙarfinsa sai ƙananan jakunkunan iska su yage, iskar ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari ta danne shi. Garin neman gira a rasa ido.

Shekaru da dama likitoci na hura iska da yawa, da kyakkyawar niyya. A 2000 aka wallafa wani bincike a Amurka kan majinyata 861. An ba wasu mililita 12 na iska kan kowane kilo, wasu kuma 6 kacal. Cikin masu samun da yawa kusan kashi 40 cikin ɗari suka rasu, cikin masu samun kaɗan kashi 31. Abin lura, a kwanakin farko awon oksijin na masu samun da yawa ya fi kyau. Allon na'ura na faranta rai, huhu na lalacewa.

A nan tambayar take: da me ake auna taimako, da zafin zuciyar mai bayarwa ko da ƙarfin mai karɓa? Ba da yawa yana kwantar mana da hankali, don mu ce mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Ragewa kuwa na buƙatar jarumta, domin likitan da ya rage iska zai jure ganin awon da bai gamsar ba, ya kuma jure kallon dangi.

Wani zai ce wannan ƙofa ce ga masu rowa da sakaci. Amma marowaci kansa yake kallo, mai awo kuwa majinyaci yake kallo. Ai direban jirgin da ya ce "ya isa haka" alhali fasinja na roƙo a bakin ruwa, ba mugunta ya yi musu ba.

Hakan take ga uban da ke yi wa ɗansa komai har ya kasa tsayawa da ƙafarsa, da mai nasihar da ba ya barin a numfasa. Kafin mu ce "a ƙara," mu fara tambaya: nawa zai iya ɗauka?